Abin da Na'urar Ormerod Ta Ci

Duk wanda bai taɓa ganin ƙato mai furfura yana rawar hannu a kan kwalin kaset ba, bai san ciwon tara kaya ba. Mu da muka tsufa a kasuwar tsofaffin kaset na finafinan ban tsoro, daga Preston har Leeds, mun ga abin da ya fi haka. Mun ga wanda ya sayar da motarsa don kaset ɗin da ko kallonsa ba zai yi ba, wai kada ya ƙoje. Mun ga wa da ƙane sun daina gaisawa a kan kwali. Amma a cikinmu babu wanda ciwon nan ya ci kamar Royston Clegg. Har yau in aka ambaci sunansa a wajen baje koli, sai ka ga mutane sun soma gyara kayan teburinsu ba gaira ba dalili.

Uban Royston yana da shagon hayar bidiyo a Burnley a farkon shekarun tamanin, lokacin da kowane ƙaramin kamfani ke fitar da fim ɗin yanke-yanke ba mai tace shi. Da hukuma ta farga, 'yan sanda suka shiga bin shaguna suna kwashe kaya. Tsoho Clegg matsoraci ne. Bai jira an zo ba, ya tara duk abin da yake zargi a bayan shago ya cinna masa wuta. Cikin abin da ya ƙone har da wani fim mai suna Liyafar Mai Gyaran Agogo, guda uku cif, kuma Royston, yana saurayi a lokacin, shi ya riƙe wa uban galan ɗin kananzir. Fim ɗin banza ne, jinin cikinsa ma kowa ya san miyar tumatir ce. To amma kamfanin ya mutu, kaset ɗin ya ɓace daga duniya, sai farashinsa ya dinga hawa shekara bayan shekara, Royston kuma yana tsaye a bayan teburinsa yana kallo.

Abin ya hana shi sakat. Ya kusa sittin, yana da mata mai haƙuri, Lorraine, wadda ke dafa abinci a wata makarantar firamare. Yana da 'ya ɗaya tilo, Hayley, mai gyaran gashi a Preston, wadda duk Lahadi sai ta zo musu da gasasshen nama. Uwarsa Edna tana raye, ƙanensa Malcolm yana bayan layinsu. Wani zai ce me ya rage? Shi kam ba ya iya zama. In yana cin abinci ƙafarsa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. In ana hira idonsa na kan waya, yana bin gwanjon da ba shi da kuɗin shiga.

Ranar da abin ya kai shi bango, a wani baje koli ne a Leeds. Teburin da ke kallon nasa na Barry Sugden ne, abokinsa na ƙuruciya, wanda kasuwa ta daɗe da mayar da shi kishiyar sana'a. A gaban kowa Sugden ya sayar da kwalin Liyafar Mai Gyaran Agogo, kwali zalla, babu kaset a ciki, a kan fam dubu biyu. Ya ƙirga kuɗin, ya sake ƙirgawa da gangan, sannan ya ɗago ya hangi Royston.

"Clegg! Ɗan mai ƙona dukiya! Kai, da babanka ya bar ko kwali ɗaya, ai da yanzu ka canza wannan akwalar motar taka."

"Ka ji da kanka, Barry."

"Ina ji da kaina mana. Zo in saya maka shayi, na ga yau ko sisi ba ka yi ba. Ko da madara biyu kake so? Yau ni ne gwamnati."

Aka yi dariya. Royston ma ya yi, irin dariyar da ba ta wuce haƙori. Ya tattara kayansa tun kasuwa ba ta watse ba.

Dukkanmu mun san labarin Tsoho Ormerod na Fleetwood. Mai gyaran na'urar bidiyo ne a da. Ana cewa in ka rasa abu a duniyar kaset, ka je wurinsa za ka samu. Ana kuma cewa waɗanda suka je ba sa son a tambaye su. Yawancinmu mun ɗauki maganar a matsayin hirar mashaya. Royston bai koma gida ba sai da ya yanke shawara, kuma kafin mako ya zagayo ya kama hanyar bakin teku.

Wurin yana ƙarƙashin wani rufaffen gidan wasan caca, a kan titin da iskar teku ta cinye fentinsa. Da rana tsaka ya isa, amma yana sauka matakala rana ta ƙare masa. Warin danshi da na ƙonannen gashi suka tare shi. Daga rufin ɗakin zaren kaset ne baƙi ke reto, dubbai, yana shafar fuskarsa da sanyi. Jikin bango talabijin ne a jibge kan talabijin, duk a kunne, babu mai nuna komai sai farin yashin nan da ke fitowa in babu tasha, suna huci gaba ɗaya. A tsakiyar ɗakin, bisa katakon mahauta, wata tsohuwar na'urar bidiyo ce irin mai buɗewa ta sama, girmanta ya kai akwatin ƙarfe. Narkakken kyandir ya daskare a jikinta. An kewaye ta da ƙasusuwan tsuntsun teku, a gabanta kuma wani ɗan faranti cike da haƙoran yara.

"Ɗan Clegg," in ji wata murya daga bayan zaren. "Ka daɗe a hanya."

Tsohon ya fito. Siriri ne, cikin rigar aiki mai ruwan ƙasa, idanunsa sun yi fari-fari.

"Baba, ka san ni ne?"

"Warin kananzir bai bar hannunka ba. Zauna, in za ka iya zama."

Bai iya ba. A tsaye ya faɗi abin da ya kawo shi, yana murza makullin mota.

"Guda nawa kake so?" in ji Ormerod.

"Nawa ake samu?"

"Tambayar masu zuwa nan ke nan. Ba a taɓa samun wanda ya ce ɗaya ya ishe shi ba." Ya ɗora tafinsa a kan na'urar. "Fim ɗin yana cikinta. Ka sa kaset, ka danna, ta ɗora maka. Zai fito da tambarinsa, da tsufansa, har da warin shagon haya. Kwalaye kuwa ga su can, ɗebi."

"Jabu ke nan. Baba, mutanen nan ba yara ba ne. Suna duba roba, suna duba ƙusa, suna shinshina zare."

"Su shinshina. Ai kaset ɗin da za ka ba ta na zamanin ne. Ba ta karɓar sabo, ba ta karɓar wanda babu komai a kai. Sai tsoho, wanda hannunka ya ɗauka, mai ɗauke da mutanen da ke numfashi. Matattu ba sa ƙosar da ita."

Royston bai ji tsoro ba, riba ya hango. A rufin gidansa akwai kwali guda na kaset ɗin da ya ɗauka da kyamarar shagon ubansa tun yana saurayi. Robar zamanin, zaren zamanin. Babu masanin da zai kama shi.

"To nawa zan biya?"

"Me zan yi da kuɗinka? Ita ce mai ci, ba ni ba. Tana cin abin da ta tarar a kai."

Royston ya yi dariyar ɗan sana'a. "Haba Baba, ai kowace na'ura haka take. In ka ɗora sabo, tsohon ya tafi."

"Tsohon ya tafi," in ji Ormerod a hankali. "Da bakinka ka faɗa. Miƙo hannu."

Ya buɗe cikin na'urar. Mu masu sana'a da auduga da ruwan giya muke goge kan da ke karanta zare. Ormerod ya ɗauki reza ya tsaga babban yatsan Royston, ya jiƙa auduga da jinin, ya shiga goge kan yana juya shi da yatsa, yana gunaguni cikin wani harshe da ba na ƙasar nan ba. Ya tsige gashi daga ƙeyar Royston ya naɗe a jikin wata ƙusa. Nan take talabijin ɗin duka suka yi tsit, suka yi baƙi, sannan suka dawo da hucinsu. Na'urar ta yi wani ƙara a ciki, ƙasa-ƙasa, kamar cikin mai yunwa.

"Ɗauki abarka. Ba a dawo da ita."

A garejin bayan gida ya girke ta, ya haɗa mata ƙaramar talabijin. Kaset ɗin farko da hannunsa ya faɗa kai na bikin cikar uwarsa shekara hamsin ne. Ya sa, ya danna. Talabijin ta nuno Edna da hular takarda a kanta tana hura kyandir, tana dariya. Sai farin yashi ya taso daga ƙasan hoton ya ci kujera, ya ci tebur, ya ci hannunta, ya kai fuskarta. Bayan haka sunan fim ɗin ya fito da jajayen haruffa.

Wani likitan haƙori daga Bristol ya saya a kan fam dubu tara, bayan ya kawo masani ya yi masa kallon tsaf. Labari ya bazu. Kakar Royston ta yanke saƙa, in ji mutane. Da aka tambaye shi inda ya samo, ya ce ashe ubansa ya ɓoye wasu a rufin gida, kowa kuma ya yarda, don labarin da muke so mu ji ke nan.

A cikin watan, Edna ta soma manta inda ta ajiye tabarau. Daga nan ta manta sunan titinsu. Wata Lahadi ta dubi Royston a kan tebur ta ce, "Ɗan nan, kai na gidan wa ne?" Ba ta kai ƙarshen kaka ba. An same ta a kujerarta ido buɗe, tana kallon talabijin da ba a kunna ba. Ta haura tamanin, don haka kowa ya ce tsufa ne. Royston ma haka ya ce, ya kuma yi kuka na gaske a wajen jana'iza.

Bai daɗe ba ya koma gareji. Yanzu masu nema sun san lambarsa, wayarsa ba ta hutawa. Na biyu kaset ɗin tseren babur ne na Malcolm. Wani Bajamushe ya biya fam dubu goma sha takwas bai ko yi tayi ba. Royston ya sayi mota sabuwa dal, ya sake kicin, ya ce wa Lorraine ta bar aikin makaranta. A baje koli ya aika wa Sugden shayi da madara biyu, ya tsaya yana kallonsa har ya shanye.

Malcolm direban bas ne, ya shekara talatin a kan hanya ɗaya. Wata safiya ya tsaya da fasinja a tsakiyar gari ya ce bai san inda za shi ba. Aka ba shi hutu. Ya fita sayen jarida bai dawo ba, sai a magudanar ruwan da ke bayan tsofaffin masaƙu aka tsamo gawarsa.

A nan ne Royston ya sha jinin jikinsa. Kada wani ya ce muku bai sani ba. Ya sani. Ya rufe gareji da kwaɗo, ya daina cin abinci, ya dinga zagaye gida daga ɗaki zuwa ɗaki yana buɗe ƙofa yana rufewa. Lorraine ta gaji ta tare shi a kicin.

"Roy, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri. Me ke damunka?"

"Babu komai."

"Babu komai ne ya sa ka rame haka? Ni fa kuɗin nan ban ji daɗinsu ba. Tun da suka shigo muke bin gawa. Mu koma yadda muke mana, da me muka rasa?"

"Kin fi son ki mutu kina wanke tukwanen 'ya'yan wasu?"

"Tukwanen ba su taɓa hana ni barci ba."

Ya fice ya bar ta da maganar a baki. Ya so ta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a makon ne wani attajiri daga Amurka ya bugo ya ce ya ji akwai na uku, kuma zai ba da fam dubu arba'in. Royston ya ce babu. Mutumin ya sake bugowa. Royston ya ce zai duba.

Ya hau rufin gida ya zazzage kwalin. Shi kansa ba ya cikin ko ɗaya, don kullum shi ne mai riƙe kyamara. Abin da ya rage kusan duk na Hayley ne tana ƙarama, sai ɗaya na Lorraine a bakin tekun Blackpool, kafin aurensu, iska na wasa da gashinta. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da shaiɗan ke ba mai gaggawa. Zai kwafe hoton a kwamfuta tukuna. In akwai kwafi ai ba a goge ta ba, tana nan. Ku ji fa! Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gaya wa masu saye cewa kwafi ba komai ba ne, na asali shi ne kaya, shi ne ya jingina ran matarsa da kwafi.

Ya kwafe, ya ba na'urar na asalin, attajirin ya biya. Lorraine ba ta mutu ba. Wataƙila kwafin ne ya riƙe gangar jikin, wa ya sani. Ta soma da tsayawa gaban madubi tana shafa fuskarta. Daga baya ta ce yashi na zuba a idonta, ta dinga kaɗe shi da hannu bibbiyu har ta yi wa kanta rauni. Ranar da ta fita titi da rigar barci tana tambayar masu wucewa ko sun san wata mai suna Lorraine, aka zo aka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali. Hayley ta rungume ubanta a farfajiyar asibitin tana kuka.

"Baba, saura mu biyu. Don Allah ka kula mini da kanka."

Ya sa na'urar a mota ya nufi Fleetwood kamar zai tashi sama. Ya tarar da Ormerod yadda ya bar shi, tsakanin zaren nan masu reto.

"Baba, ka cuce ni. Karɓi tsiyarka, ka dawo mini da matata."

"Ka taɓa ganin abin da aka goge ya dawo? Kai fa ɗan sana'a ne."

"Ba ka gaya mini ba!"

"Na gaya maka, ka kuma maimaita. Na farko ba ka sani ba, na yarda. Na biyu ka yi zargi. Na uku fa, ni na danna maka?" Tsohon ya juya masa baya. "Ba ta tilasta kowa. Ka ajiye ta a kusurwa, kada ka sake ba ta komai, za ta yi shiru har ka mutu. Abu ne mai sauƙi. Ban dai taɓa ganin wanda ya iya ba."

Royston ya rantse shi zai iya. Ya dawo da ita gareji ya lulluɓe da bargo. Ya kwashe duk kaset ɗin da aka rubuta sunan Hayley a jiki ya kai mata Preston, ya ce ta ɓoye su, ko shi ya roƙa kada ta ba shi. Ta yi masa kallon mamaki ta karɓa. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, yana nan bai taɓa bargon ba. Yana zuwa asibiti ya zauna kusa da matar da ba ta san shi ba. Yana dawowa ya zagaye gida. Kuɗi na nan jibge, sun kasa saya masa zama wuri ɗaya.

Sai aka sanar da wani babban gwanjo a Landan, na kayan finafinan ban tsoro zalla. Masu gwanjon suka aiko cewa in akwai sauran ɗaya, suna ganin zai haura fam dubu saba'in. A ranar kuma ya ji cewa Sugden na yawo yana cewa arzikin Clegg ba na Allah ba ne, a duba gidansa a gani. Abu biyu suka haɗu a ƙirjin Royston, kwaɗayi da haushi, kowanne na zuga ɗan'uwansa. Ya tuna a gindin kwalin nan akwai wani kaset da bai kula da shi ba, na ranar da Sugden ya buɗe rumfarsa ta farko a kasuwar Burnley, shekarar da aka haifi Hayley. Shi ya ɗauka da hannunsa, lokacin suna abokai.

Ya gaya wa kansa wannan ba jininsa ba ne. Ya gaya wa kansa daga wannan ya gama.

Ranar Lahadi ce, da hantsi. Hayley ta zo da nama kamar kullum, tana kicin tana fere dankali, rediyo na yi mata waƙa. Ya ce mata zai ɗauko wani abu a gareji.

Kafin ya ba na'urar, sai da ya gwada kaset ɗin a wata ta daban, don ya tabbatar wa ke ciki. Ya gwada shi yadda dukkanmu muke gwada kaya kafin mu rubuta "yana aiki" a jikin kwali: ka sa, ka kalli farkon, ka ga hoto ya fito, ka cire. Wa ke da lokacin kallon awa uku? Ya ga Sugden da gashinsa har kafaɗa yana yanke ƙyalle a bakin rumfa, shi kaɗai, yana washe baki. Ya cire, ya yaye bargon, ya sa, ya danna.

Farin yashi ya taso ya ci rumfar, ya ci Sugden tun daga takalmi. Royston ya tsaya yana kallo, hannu a aljihu, yana jiran jajayen haruffa. Ba su fito ba. Hoton ya yi rawa, ya yanke, wani ya shigo.

Kicin ɗin tsohon gidansu ne. Ga baho a kan tebur. Ga jaririya a ciki tana dukan ruwa da tafi. Muryar Lorraine ta fito, ƙuruciya shar: "Roy, yi sauri, ɗauko kyamara, tana dariya!"

Abin da ya manta ke nan. A zamanin kaset tsada gare shi, babu mai barin sauran zare a banza. Bikin rumfar Sugden bai ci zare da yawa ba, sai ya ɗora wankan 'yarsa a kan abin da ya rage, bai kuma taɓa rubutawa a jiki ba.

Ya danna tsayawa, ba ta tsaya ba. Ya danna fitarwa, murfin ya ƙi ɗagawa. Ya fizge wayar wuta daga bango, talabijin ba ta ko ƙifta ba. Yashin ya soma daga ƙafar tebur. Ya ɗauki guduma ya dinga maka wa na'urar yana ihu, ƙarfen ko lotsawa bai yi ba, sai wannan ƙara na ciki da ke daɗa ƙarfi. Ya cusa yatsu a bakin murfin har farcensa ya ɓalle. Ya rufe fuskar talabijin da tafukansa biyu, kamar hakan zai kare ta. Ta tsakanin yatsunsa ya ga yashin ya ci bahon, ya ci ruwan, ya hau ƙananan ƙafafun.

Ya kwasa da gudu zuwa cikin gida.

Hayley na tsaye a tsakiyar kicin, wuƙa a hannu ɗaya, dankali a ɗayan, tana dubansu kamar ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ruwa ya cika tukunya yana zuba a ƙasa.

"Hayley. Hayley, ni ne. Dube ni, 'yata."

Ta ɗago a hankali. Ta ja da baya har ta jingina da bango, cikin ladabi, yadda ake yi wa baƙon da ya faɗo gida ba sallama.

"Yi haƙuri, malam," in ji ta. "Ina neman babana ne. Ka gan shi?"

Su Edna an ci musu yini ɗaya ne daga tsakiyar rayuwa, shi ya sa suka ɗan ja. Ita Hayley daga tushe aka ci ta. Ba ta ga wata Lahadin ba. Sugden ya bi ta kafin ganyen kaka ya zuba, a kan teburinsa na baje koli, yana tambayar mutane kayan wa yake gadi.

Royston yana raye. Gidan ya tafi, motar ta tafi, ba wanda ya san inda kuɗin suka shiga. In kun je kasuwar gwanjon safiyar Lahadi a bayan filin ƙwallo, za ku gan shi yana kai da kawo tsakanin motoci da buhun kaset, yana roƙon masu rumfa su bar shi ya kalli kayansu har ƙarshe. Yara na yi masa dariya. Na'urar kuwa, da aka zo kwashe gareji ba a same ta ba, kuma waɗanda suka bi ta Fleetwood sun ce har yanzu ana jin huci daga ƙarƙashin gidan cacar.

Kaset ɗin na huɗu an tsince shi cikin kayan gidan. Ya isa Landan, ya ci fam dubu tamanin da ɗaya, aka tafa. Wanda ya saya ya sa shi cikin gilashi, ba zai taɓa kallonsa ba.

To, ku masu bin gwanjo ido jajur, ku masu cewa daga wannan kun gama, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya ba ya son kuɗinka, to ya riga ya hango abin da ya fi kuɗi a gidanka. Babu Ormerod ɗin da ya taɓa danna wa kowa maɓalli. Hannunka ne zai danna, kana sane, kuma abin da zai tafi shi ne wanda ke kicin yana dafa maka abinci.